Numfashi a Cikin Kwalba

Wata uku na yi ina wankin kwalabe
a bayan shagon Baba Ndagi, can Herwagana,
kafin ya bar ni in taɓa bututun.
Koraye gefe guda, masu ruwan ƙasa gefe guda,
farare kuwa kada su haɗu da kowa.
In kankare takardar jikinsu da tsohuwar reza,
in daka su a turmin ƙarfe
har tafin hannuna ya cika da zane.

Difulomata tana gida, ƙarƙashin katifa.
Inna ta ce, "Kai Barau,
duk karatun nan a juji ya ƙare?"
Na ce sana'a ce.
Ta ce, "Sana'ar hura iska?
To, Allah ya kawo mai sayen iska."

Baba Ndagi ba ya ɓarnar magana.
Daga Bida ya zo Gombe tun ban san hagu da dama ba,
wuta ta cinye girarsa tuntuni,
Hausarsa har yau da ɗan gishirin Nufanci.
Wata Laraba, bayan la'asar,
ya miƙo min bututun,
ya ce, "Ɗebo."

Na leƙa bakin tanderu.
Kwalaben da na wanke jiya
sun narke sun zama zuma,
zumar da ba a lasa.
Na ɗebo, ta fara sunkuyar da kai.
"Juya! In ka tsaya, a ƙafarka za ta sauka."
Na juya, na cika kumatu
kamar mai fama da wutar ɗanyen icce,
na hura da duk ƙarfin tuwon rana.
Ta yi tumbi ta gefe ɗaya,
ta yi fus.

Baba ya yi dariya har da tari.
"Ba dambe kuke ba.
Raɗa za ka yi mata,
kamar mai yi wa jariri huɗuba a kunne."

Sati shida ina koyon raɗa.
Ga tabo nan a tsintsiyar hannuna,
shaidar ranar da na manta
cewa gilashi mai zafi da mai sanyi
fuskarsu ɗaya.

Sai ga tambulan na farko ya tsaya da gindinsa.
Karkatacce ne, amma ya tsaya.
Na ɗora shi a bakin taga
don masu Keke Napep su gani,
don ya sha iska.
Ban gama kurɓar ruwa ba na ji ƙas!
Tsaga daga baki har ƙasa.

Baba bai ɗago ba, yana gyaran awartaki.
"Binne na gaba cikin toka mai ɗumi, ya kwana.
Abin da ya fito daga wuta
ba a yi masa gaggawar hucewa."

Daren nan ban yi barci ba.
Ana sallame asuba na zo na tona tokar da yatsa,
kamar kaza.
Yana nan. Lafiyarsa lau.

Yanzu wata mai humra daga Bolari, Hajiya Dudu,
ta ce in yi mata 'yan kwalabe goma sha biyu
masu siririn wuya.
Ta taya, ta rage, ta sake ragewa,
na sallama, don kunnena bai taɓa jin
an yi cinikin abin da na hura ba.

Tambulan ɗin kuwa na kai wa Inna.
Ta ɗaga shi saitin hasken ƙofa, ta runtse ido ɗaya.
"Wannan ɗan ƙwan da ke ciki fa?"
Na ce numfashina ne ya maƙale.
Ta yi shiru.
Ba ta sha ruwa da shi ba.
Ta goge shi da bakin zane,
ta sa a kabad, cikin kwanukan da ba a cin abinci da su.

Gobe akwai buhu biyu na kwalabe suna jirana,
kuma rezar ta dakushe.